Ranar da Na Sa wa Tsumma Waya a Tashar Utako

Ku da kuka zo mini kuna cewa kun ga abin a bidiyo, wai manna waya biyu a ganye ne kawai sai kiɗa ya fito, ku ja benci ku zauna. Ba zan hana ku sana'ar ba, amma sai kun ji ta daga bakin wadda ta yi furfura a cikinta. Sunana Kande, a asibiti kuma Mama Waya ake ce mini. Aikina shi ne in ɗebo 'yar wutar da ke yawo a jikin shuka mai magani, in mai da ita sauti, in kai wa masu cutar kansa su saurara lokacin da ake ɗura musu kemo, wato maganin nan da ake sa musu ta ƙarin ruwa, mai zubar da gashi da tayar da zuciya.

Ba da ganye na fara ba, da darmar liƙe wayoyin lantarki na fara. 'Yar Zariya ce ni. Da na gama makarantar koyon sana'a sai aka ɗauke ni a Legas, sashen gyaran injinan asibiti, aka ba ni a hannun Oga Effiong. Mutumin Kalaba ne, a barikin soja a Kano ya tsinci Hausarsa, don haka namiji da mace duk "ka" yake ce musu. Gwanintarsa injin auna bugun zuciya, mai allurar nan da ke zane a kan doguwar takarda. Na daɗe a gabansa bai bar ni na taɓa ƙarfen darma ba. Wanke wayoyi da goge bakinsu, shi ne aikina.

"Kande, ka koma ka wanke hannu," haka yake cewa. "Wutan zuciya ƙarami ne. Datti kaɗan ya fi shi ƙarfi."

Da gwamnati ta tattara ta baro Legas, mu ma aka loda injinanmu a tirela aka ce mu bi baya. Abujar da muka tarar jar ƙasa ce da katafila, ofishinmu kuwa kwantena ce da aka yanka wa taga. Wani injin ya jigata a hanya, muka gyara shi, amma babu wanda za a gwada shi a ƙirjinsa, kowa ya fita neman ɗaki. A bayan kwantenar akwai shuwaka da manoman Gwari suka bari lokacin da aka tashe su daga gonar. Oga Effiong ya ja wayoyin ta taga ya manna a ganyenta don wasa. Allura ta fara tafiya a hankali, tana hawa tana sauka. Gajimare ya rufe rana, zanen ya canja.

"Ka gani?" ya ce. "Shi ma yana da labari. Sauri ne ba ya da shi."

Muka yi dariya, muka koma aiki. Shekaru suka shuɗe ban sake tuna abin ba.

Aikin farko da na yi a wannan sana'a, Oga Effiong na yi wa. Lokacin ya yi ritaya, gari ya cika, ni ma na bar gwamnati ina gyara na kaina. Sai aka ce mini yana kwance, kansa ta kama shi a ciki. Na je. Ya rame, rediyo yana ba shi haushi, hirar mutane tana ba shi haushi, ko waƙar cocinsu ya ce a kashe, don ya san inda kowace za ta tsaya, kuma jiran ƙarshenta yana sa shi jin tsawon lokaci. Ya ce abin da yake so shi ne sautin da bai san inda zai je ba. A nan na tuna shuwakar.

Na koma shago na haɗa akwati. Abin da ke cikinsa ba bokanci ba ne: yana auna yadda wuta ke ratsa ganye tsakanin waya biyu, in ta ƙaru ko ta ragu sai ya aika wa fiyano umarni ya buga wani sauti. Na aro fiyanon ɗan'uwansa, na ɗauki shuwaka a tukunya, na kai. Ya saurara kaɗan ya yamutsa fuska.

"Wannan ba ganye ba ne, janaretan asibiti ne yake kuka. Ina wayan ƙasa? Haka na koya maka?"

Na sa wayar ƙasa, na cire akwatin daga wutar bango na mai da shi kan batir. Gurnanin ya ɗauke. Abin da ya rage sauti ne ɗaiɗai, a yi shiru, a sake ɗaya, sannan uku su biyo juna. Ya rufe ido. Ruwan ya ƙare bai tambayi nas saura nawa ba. Ya rasu da damina. Kafin nan masu gadajen kusa da shi sun fara cewa a juyo musu da lasifikar, kuma babbar likitar ɗakin, Dakta Bose, wadda ita ma namiji da mace duk "ka" take ce musu, ta ce in ci gaba da zuwa.

To, ku da kuka ce abu ne mai sauƙi, bari in faɗa muku abin da bidiyo bai nuna muku ba. Shuka ba ta waƙa. Wuta take bayarwa, ni nake zaɓa mata murya. In ka bar akwati ya buga duk sautin da ya ga dama, abin da za ka ji kamar an zubar da kwanuka ne a tsakar gida. Dole ka ɗaure shi a kan sautukan da kunnenmu ya saba da su, irin waɗanda uwa ke rarrashin jariri da su. Fiyano ma ban daɗe da shi ba, don mutanenmu suna jin sa kamar baƙo. Na nemi wani mai gurmi a Zuba, na zaunar da shi yana taɓa tsirkiya ɗaya bayan ɗaya ina ɗauka, haka na yi da mai sarewa. Yanzu in zogale ya motsa, gurmi ake ji.

Kuma kowace shuka da halinta. Wannan Mama Laraba ce ta koya mini, wata Bagwariya mai sayar da sassaƙe da ganye a bayan 'yan lemo a kasuwar Zuba. Ba ta san waya ba, amma ta san lokacin da ganye ke farke da lokacin da yake barci. Ita ta ce mini kada in shayar da shuka dab da fita aiki, in bari ruwan ya hau jikinta tukuna. Zogale yana da surutu da safe, ganyensa kuma ƙanana ne, sai ka manna a kara. Shuwaka tana da nauyin baki. Darbejiya ganyenta da santsi, manne ba ya zama sai ka goge shi da ruwa. Ɗoɗɗoya da na'a-na'a suna ba da sauti mai daɗi ƙwarai, amma ba na shiga da su ɗakin kemo ko da wasa, don mai shan wannan magani ƙamshi kaɗan ya isa ya sa shi amai. In an kunna esi mai sanyaya ɗaki ganye yana bushewa, sautin ya daskare. In fanka tana kaɗa waya, ƙarya za ka ji, ba shuka ba.

Wata safiya wata nas ta tare ni a ƙofa ta nuna ƙasar tukunyata. Ta ce masu kemo jikinsu ba shi da garkuwa, abin da ke cikin ƙasa zai iya kwantar da su. Gaskiyarta. Daga ranar na koma rainon shukokina a cikin tsakuwa wankakka da ruwa, in rufe bakin tukunya da leda, in goge kowace waya kafin ta taɓa gado. Shukoki da yawa sun mutu mini kafin in gane yadda zogale zai rayu ba ƙasa.

Akwai wani Alhaji Bakatsine mai shagon atamfa da na yi wa aiki. Da ya ga akwatina sai ya ɗaga hannu. "Baiwar Allah, ni ba na jin kiɗa. Ban ji ina da lafiya ba, ba zan fara a gadon nan ba." Na ce to, Alhaji. Ban yi masa wa'azi ba, ban ce ai wannan daban ne ba. Na koma gida na cire gurmin, na sa ɗigar ruwa a madadinsa, irin yadda indararo ke yi bayan an ɗauke ruwa. Na kawo na ce ya gwada, in bai yi masa ba in tafi. Ya ji, ya ce wannan kam ba kiɗa ba ne, ya ci gaba da jan carbinsa a kai. Wasu kuma ko wannan ba sa so. Sai ka naɗe wayarka ka gaishe su ka wuce. Sanin lokacin da za ka kashe akwati rabin aikin ne.

Yanzu ga shekarar da ta kusa cinye sana'ar. Akwai wata mata, Saratu, mai sayar da abinci a bakin titi a Uke. Kansar mama ce da ita. Mijinta Malam Isiya direba ne, shi ke kawo ta. Zogale take so, ta ce da shi aka yi dangar gidansu tana yarinya. Likitoci sun tsara mata kemo, in ƙullin ya ragu a yi mata aiki. Ta yi nisa, sai ranar zuwanta ta zo ba a gan ta ba. Wata ranar ta sake zagayowa, shiru. Ba ita kaɗai ba, wasu ma suka ɗauke ƙafa.

Dakta Bose ta kira ni ofis. Ta ajiye wani ɗan fakiti a tebur. Memori ne na waya, a jikin fakitin ga hotona ina riƙe da tukunya, an rubuta wai waƙar zogale, maganin kansa, ba allura ba tiyata.

"Mama, ka san wannan?"

"Hotona ne, Dakta. Maganar ba tawa ba ce."

"Na yarda ba naka ba ne. Amma majinyata na suna gudu saboda shi. Daga yau akwatin nan ba zai shiga ɗakina ba."

Ban yi mata gardama ba, don in ni ce a kujerarta haka zan yi. Na tambayi inda ake sayar da abin. Aka ce tashar Utako, wajen wani da ake kira Dokta Nan-Take. Ashe wani ɗan'uwan majinyaci ne ya ɗauki sautin da wayarsa, ya bi hannu har ya isa wurin mutumin.

Washegari da hantsi, lokacin da motocin Kano da Katsina ke lodi, na sauka a tashar da akwatina da tukunyar zogale. Ga Nan-Take can da tebur da lasifika, gurmina yana tashi, yana rantsuwa cewa mata sun warke a mako guda. Da ya gan ni sai ya washe baki.

"Jama'a, ga mai abin da kanta! Hajiya, ai tallarki nake yi."

"Ban aike ka ba," na ce.

Na je wurin shugaban tasha na gaishe shi, na roƙi aron lasifikar da ake kiran fasinja da ita. Ya ba ni, don yana son ya ga abin da zai faru. Na ɗora tukunya a kan benci, na manna wayoyi, na kunna. Gurmi ya fara fita a hankali. Mutane suka taru, masu shayi, masu dako, fasinjoji da jakunkunansu. Ana ta "ikon Allah, ikon Allah." Nan-Take yana gyaɗa kai kamar shi ya shuka zogalen.

Sai na hangi wani direba yana goge gilashin motarsa. Na ce, "Malam, ara mini tsummanka." Ya miƙo, baƙi ƙirin, yana ɗigar ruwa. Na cire wayoyin daga jikin zogale na manna a tsumman, na ɗaga shi sama kowa ya gani. Gurmi ya ci gaba da bugawa.

Sai dariya ta fashe.

Na ce, "Kun ji dai. Duk abin da ke da danshi wuta tana ratsa shi, akwatin nan kuma zai buga. Wanda zai bar likita ya sha tsumman Malam a matsayin maganin cutar kansa, ya matso in ba shi."

Wani dattijo daga baya ya ɗaga murya. "To ke ma ashe damfarar kike yi!"

"A'a, Baba. Ni ban taɓa cewa ina warkarwa ba. Mutum yana kwance ana ɗura masa magani mai ɗaci, yini ya ƙi tafiya, ni nake ba shi abin da zai riƙe kunnensa har ruwan ya ƙare. Da shuka nake yi, don ta san rana ta san inuwa, abin da ta buga yau ba za ta maimaita gobe ba, kuma mara lafiya ya san ta tun daga gidan ubansa. Iyakar aikina ke nan. Wanda ya ce muku ya wuce haka, kashe muku 'yan'uwa zai yi."

Nan-Take ya fara cewa hassada ce, ni da shi ai abu ɗaya muke sayarwa. Shugaban tasha ya dube shi ya ce, "Oga, kwashe teburinka." Ƙanwar shugaban ma, na ji daga baya, tana cikin waɗanda suka sayi memorin.

Kada ku ɗauka tafi aka yi mini na koma gida da girma. An ɗauki abin a waya ya zaga gari. Aka sa mini Mama Tsumma. Gidajen da ke kirana in je wa marasa lafiyarsu suka daina, wasu don sun ji haushi na fasa musu abin da suka dogara da shi, wasu don sun ɗauka duk wasan yara ne. Ƙofar asibiti kuma tana rufe. Shukokina suna nan ina shayar da su ba inda zan kai su. Wani abokin sana'ar gyara ya ce in sayar da akwatin in koma kan injina. Na ce ya kula da shagonsa.

Na hau mota na tafi Uke. Rumfar Saratu a rufe, tukwanenta a kife. Aka nuna mini gidan. Malam Isiya yana ƙofa, ya gane ni, bai yi mini tayin tabarma ba.

"Kin zo ki sa mana tsumma ne?"

"Na zo ganin Saratu ne, Malam."

"A asibiti amai take yi kamar za ta zubar da hanjinta. A nan tana jin waƙar tana barci. Wanne ne magani a ciki?"

"Wanda ke sa ta aman."

Daga ciki Saratu ta ce a bar ni in shigo. Tana kwance a kan katifa, waya a gefen kunnenta, gurmina yana ta maimaita abu ɗaya. Ta kashe da kanta. Na fara yi mata bayanin tsumma, ta katse ni.

"Mama, ki bar wahalar da bakinki. Na san ba ya warkarwa. Ina taɓa wurin kullum, ai hannuna ba ya yi mini ƙarya. Maigida ne ya yarda, ni kuma na bar shi ya yarda. Gajiya na yi."

Malam Isiya yana tsaye a bakin labule, ya ji.

Na ce, "Ciwon ba ni da maganinsa. Gajiyar kuwa ita ce sana'ata. Ki koma, duk ranar da za a ɗura miki ina nan."

"Ai an ce an kore ki."

"Daga ɗaki aka kore ni. Ba a kore ni daga bakin taga ba."

Ta yi dariyar da ta sa ta tari. Can Malam Isiya ya ce bari ya je ya duba man mota.

Ranar da ta koma, na roƙi nas ta ba ta gadon da ke jikin taga. Ni kuma na zauna a waje a kan bulo, tukunya a gabana, akwati a cinyata, na zura doguwar waya ta tagar har kunnen Saratu. Damina ce, na riƙe lema da hannu ɗaya don kada ruwa ya shiga akwati. Ana cikin haka sai ga fuskar Dakta Bose a taga.

"Mama, na ce kar ka shiga ɗakina."

"Ban shiga ba, Dakta."

Ta dubi wayar, ta bi ta da ido har kan gado. Ta dubi Saratu, hannunta a miƙe, idonta a rufe, ruwa yana sauka. Ta juya ta ce wa nas, "A goge wayan nan da sifirit." Ta wuce.

Haka na cinye daminar a kan bulo. Masu gadi suka saba da ni, har wani ya samo mini kujera. Wasu daga cikin waɗanda suka gudu sun dawo, wasu ba su dawo ba, akwai kuma waɗanda suka dawo lokaci ya riga ya ƙure. Sai da aka yi wa Saratu aiki aka cire maman, sannan Dakta Bose ta ce in shigo daga ciki, da sharaɗin duk sabon majinyaci in faɗa masa da bakina, a gaban 'yan'uwansa, cewa wannan ba magani ba ne. Har yau haka nake yi. Ku ma in kun ɗauki akwati haka za ku yi, ko ku ajiye mini kayana.

Bara hanya ta bi da ni ta Uke, na ce wa direba ya tsaya. Rumfar a buɗe, hayaƙi yana tashi, direbobin tirela sun cika benci. Saratu ta yi ƙiba, gashinta ya fito har ta yi kitso. Ta rungume ni, ta zuba mini tuwo da miyar kuka, ta ƙara mini nama. Akwatina yana jaka, ga kuma zogale a bayan rumfar ya yi kore shar. Na ce bari in manna mata ta ji abin da nata yake cewa.

Ta riƙe mini hannu da ƙarfi.

"Mama, don Allah kar ki kunna. In na ji gurmin nan warin ɗakin can nake ji, zuciyata ta tashi. Ko a rediyo aka sa, kashewa nake yi. Ki zo kullum ki ci abinci, amma abin nan kar ya ƙara shigo mini rumfa."

Na mayar da wayoyina cikin jaka, na ja kwanon gabana. Tun da na fara sana'ar nan ba a taɓa yi mini korar da ta kai wannan daɗi ba.